Injin da Ban Ce Ya Mutu Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da Sarkin Fadama ya tsaya a kaina ba, ina durƙushe gaban wani tsohon injin ban ruwa a wata fadama da ke bayan Ƙarfi, ya yi mini tambaya guda ɗaya. Na ba shi amsar da a lokacin nake ganin ita ce ta mai hankali. Ku da kuka kama aiki da mu bana, gara ku ji labarin daga bakina, domin na san in kun fara zagaya gonaki za ku ji shi daga bakin wani.

A lokacin ina shekara ta biyu da kama aiki a ƙungiyar manoman rani da ofishinta yake Malumfashi. Injiniyancin aikin gona na karanta, matsayina kuma jami'in gyaran injuna. A cikin gari na tashi, mahaifina ma'aikacin ofis ne, ban taɓa riƙe fartanya da sunan noma ba. Manaja, Alhaji Mansur, shi ne a sama da ni. Tsarin aikin kusan yadda kuka same shi ne. Manomi ya kawo ƙorafi, a buɗe masa kati, in je gona in duba injin, in rubuta abin da na gani. A ƙasan katin akwai gurbi biyu, ɗaya na cewa ana gyara, ɗaya na cewa injin ya tashi daga aiki. In ka cike na biyun, an cire injin daga rajistar ƙungiya ke nan.

Sau ɗaya na taɓa cike wannan gurbin kafin lokacin. Wani inji ne a wajen Musawa, na rubuta cewa ya tashi daga aiki, bayan kwana uku wani mai gyaran babur a bakin titi ya tada shi. Manaja ya kira ni a gaban ma'aikata ya ce, "Malam Nura, mai gyara muka ɗauka ko mai wankan gawa?" Aka yi dariya. Tun daga ranar na ƙulla a raina ba zan sake cewa inji ya mutu ba sai na tabbatar, ni kuwa da wuya in tabbatar da abu. Ba na faɗin wannan don in wanke kaina. Ina so ne ku san halin da nake ciki.

Ranar wata Litinin a watan Maris aka buɗe wa Baba Isiyaku kati. Dattijo ne, ina jin ya haura sittin, gonarsa ce ta ƙarshe a fadamar, can inda ƙasar take da rairayi, ba ta riƙe ruwa. Tumatirin baya ya dasa, yana tsakiyar fure, zafi kuma ya shigo. Wanda ya san tumatir ya san cewa a wannan matakin, in ya yi 'yan kwanaki babu ruwa furen zubewa yake yi, kuma furen da ya zube ba ya komawa. Da wannan tumatirin gidansa zai ci har damina, da shi kuma zai sayi taki da irin shukar damina.

Injin nasa ya girme ni, ina kyautata zato. Sunan kamfanin ya goge daga jikinsa, fentin ya koma launin ƙasa. Ba irin na yanzu ba ne. Injunan da kuke gyarawa, kwayil ɗinsu dunƙule yake a waje, ka kwance ƙusa biyu ka sa sabo. Wannan kuwa duk kayan wutarsa suna ƙarƙashin fulawil, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da igiya take juyawa. A nan kwayil yake, da kwandensa, da kwantak mai buɗewa da rufewa don ya yanke wuta a kan lokaci.

Na tarar da jiƙaƙƙen buhu a shimfiɗe a kan murfin injin. Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Maganinsa ke nan, Injiniya. In babu buhu ba ya wuce minti sha biyar sai ya mutu, kuma ko ka ja igiya har kafaɗa ta fita ba zai tashi ba sai ya huce. In na jiƙa masa buhu yakan kusa awa guda. In bar shi ya huta, in sake. Haka muke lallaɓawa da shi tun makon jiya."

Da na saurari wannan maganar yadda ya kamata, da na gane cutar tun a nan. Inji mai mutuwa in ya yi zafi, ya ƙi tashi sai ya huce, kuma sanyi ya ƙara masa lokaci, mafi yawa wutarsa ce take yankewa. Amma ni abin da na gani shi ne ruwa kusa da kayan wuta, abin da duk littafin da na karanta ya hana. Na ce ya cire buhun, kada ya sake sawa. Ya cire, ya ninke, ya rataye a reshen mangwaro.

Na bi matakan da aka koya mini. Na zare filogi, na jingina shi a jikin injin, na ja igiya. Wuta ta fito shuɗiya, mai ƙarfi. Na rubuta a kati cewa wuta lafiya take. Na kwance kafireto na wanke, na hure bututun mai, na sa sabon filogi. Ja ɗaya injin ya ɗauka, ruwa ya taso cikin tiyo. Akwai wasu katuna biyu da ke jirana a ranar, don haka ban tsaya ya yi zafi ba. Na hau babur na tafi.

Talata da safe Baba ya kira ni. Ya ce, "Injiniya, mutumin naka fa ya ƙi. Yanzu ko minti goma ba ya kaiwa."

Na koma. Wannan karon na tada shi na zauna ina kallo har ya yi tari ya mutu, nan take na zare filogi da tsumma na gwada. Babu wuta, ko ƙyalli. Bayan rabin awa na sake gwadawa, ga ta nan. Sai na ɗaga kai na ga buhun a rataye.

Dole a cire fulawil, abin zarewar da nake da shi kuwa bai yi daidai da shi ba, sai da na yi ta dabara da katako da ƙaramar guduma har kusan azahar. Na tarar da kwantak ya ci, na goge shi na daidaita tazararsa. Na sa kwandensa ta babur a madadin tsohuwar. Na mayar, na tada, ya sake mutuwa. Na sake cirewa, na auna kwayil da mita yana da zafi, allurar mitar ba ta motsa ba. Da ya huce ta motsa. Wayar da ke cikin naɗin ta tsinke a wani wuri, in da sanyi bakunan suna haɗuwa, in ta yi zafi su rabu. Irin wannan ba ya gyaruwa a gona, sai an samo wani.

A nan na yanke shawarar da har yau take damuna. Ɗan ƙarfen da yake riƙe fulawil a kan sandar injin ya riga ya siɗe, na ji tsoron in na ci gaba da cirewa da mayarwa zai karye. Sai na ce a bar injin a buɗe har in kawo kwayil gobe. Na jera kayan a kan buhun taki, na rufe da leda. Ban lissafa cewa daga wannan lokacin ko mintunan goman nan Baba ya rasa su ba.

Ina cikin jera kayan ne Malam Garba ya iso. Shi ne Sarkin Fadama, wanda manoman wurin suka naɗa yana raba musu rigimar ruwa da iyakar gona. Muka gaisa. Ya dubi injin a warwatse, ya dubi tumatirin, sannan ya ce, "Injiniya, ya mutu ne, ko yana da rai?"

Na ce, "To, ranka ya daɗe, ba zan ce ya mutu ba. Kwayil ne. In aka dace, ina ganin gobe ko jibi zai iya tashi."

Ya ce, "Ka ce dai yana da rai."

Na ce, "Akwai yiwuwar haka sosai."

Ya ɗan tsaya kamar mai jiran ƙari. Baba Isiyaku yana gefe, ya sunkuyar da kai yana goge hannu a rigarsa. Sai Malam Garba ya ce, "To madalla, Allah ya sa a dace," ya wuce. Ni na ɗauka irin tambayar nan ce ta mai wucewa. A kati na cike gurbin ana gyara.

Akwai dokar ofis da ta ce ba a fitar da wani ɓangare na injin memba daga gona sai Manaja ya sa hannu, saboda an taɓa samun musanyar kaya. Manaja yana taro a Katsina. Don haka na kwafi lambar da ke jikin kwayil ɗin a takarda, na bar shi a gonar.

Laraba na zagaye masu kayan gyara na Malumfashi, kowa ya dubi takardar ya girgiza kai. Wani ya ce in je Funtua in nemi Ɗanladi. Obinna ne sunansa na gida, iyayensa daga kudu suka zo, amma a Funtua aka haife shi ranar Lahadi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shagon na mahaifinsa ne, ya gada. Na miƙa masa takardar, ya karanta, ya juya bayanta, ya yi dariya.

Ya ce, "Oga Injiniya, takarda ka kawo mini? Ina gawar?"

Na ce lambar ai ta isa a gane shi.

Ya ce, "Wanda ya san wannan lambar babana ne, shi kuwa ya rasu. Kamfanin ma ina jin ya bi shi. Mu nan da ido muke aiki. Kawo abin in riƙe a hannuna, in ga ƙafafunsa da ramukan ƙusa. Akwai matattun injuna fiye da yadda kake zato a bayan shagon nan, amma ba zan tone su saboda lamba ba."

Na kira Manaja ina ta kame-kame, na bayyana masa batun sa hannu. Ya ce, "Don wannan ka ɓata yini guda? Ɗauko mana, in na dawo na sa hannun." Wayar ba ta kai minti ɗaya ba. Tun ranar Talata zan iya yin ta.

Alhamis da sassafe na je gonar. Na tarar da Baba da matarsa suna jan ruwa da guga daga ramin da injin yake zuƙa, suna cika garwa, suna kaiwa fangalin da ke kusa. Na nesa kuwa ganyensu ya yi yaushi, ya rataya. Ya ajiye garwar, ya dafe ƙugu, ya ce, "Injiniya, yaya mai jikin?"

Na ce, "Da sauƙi, Baba. Ina sa ran gobe, in Allah ya yarda." Na dubi gonar na ce, "Ba a samu wanda zai ba ku aron inji ba?"

Ya ce, "Ai ka ce gobe."

Na ɗauka yana kwantar mini da hankali ne. Na sa kwayil a jaka na wuce Funtua.

Ɗanladi ya riƙe shi, ya juya, ya shinshina, ya shige bayan shago. Ya fi awa biyu yana ɗaga matattun janareto da injunan casa, tsatsa ta rufe shi har gira. A ƙarshe ya fito da wani kwayil na tsohon janareto. Naɗin iri ɗaya ne da namu, amma ƙafafun ƙarfen sun bambanta, ba za su zauna a kan ƙusoshinmu ba. Ya kai ni wurin wani mai naɗin kwayil a bayan tasha, wanda ya ce zai zare ƙarfen namu ya zura shi cikin wannan naɗin, ya ɗaure da gam, amma sai ya bushe. In dawo gobe bayan an sauko daga masallaci.

Juma'a ina zaune a bencin shagon Ɗanladi muna jiran a aiko da shi, sai ya tambaye ni na wane ne injin. Na faɗa masa, na ce tumatir ne yana fure, yau kwana huɗu.

Ya ce, "An dai raba masa ruwa ko?"

Na ce, "Wane ruwa?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Oga, ba ka faɗa wa sarkin fadamarsu ba?"

Na ce sarkin ya tambaye ni, na ce masa injin bai mutu ba.

Wannan karon bai yi dariya ba. Sannan ya bayyana mini abin da duk mai sayar wa manoman wajen nan kaya ya sani. A fadamar su Baba, in injin mutum ya mutu a tsakiyar rani, sarki yakan raba wa maƙwabta kwanaki, kowa ya ba da injinsa rabin yini har mai shi ya farfaɗo. Amma a irin wannan zafin, rabin yinin nan daga bakin amfanin gonar mai bayarwa ake cire shi, kuma an taɓa yin waɗanda suka riƙa cewa nasu ya lalace don su hutar da shi su gajiyar da na wani. Shi ya sa suka tsayar cewa ba bakin mai inji ake ji ba, bakin mai gyara ake ji. In ya ce ya mutu, ranar za a raba. In ya ce yana da rai, a jira shi.

Na ce, "To shi Baban me ya hana shi magana?"

Ya ce, "Ya ce me? Ya ce Injiniyan da ofis ya aiko bai san abin da yake faɗa ba, a gabanka? Dattijo ne fa."

Na fita bakin titi na kira Malam Garba. Na ce masa injin Baba Isiyaku ba ya aiki, ya mutu, a taimaka masa da ruwa.

Ya ce, "Yau ka faɗa. Ranar Talata na tsaya a kanka na tambaye ka, har sau biyu." Sannan ya ce, "La'asar ta yi, kowa ya naɗe tiyonsa. Gobe da asuba za a kai masa."

Asabar da hantsi na isa gonar, na tarar da injin maƙwabci yana zuba ruwa tun safe. Na ɗaura kwayil, na daidaita tazararsa da maganaɗisun fulawil, na mayar da komai. Ja biyu ya ɗauka. Na zauna a gabansa awa biyu cur ina jira ya mutu, bai mutu ba. Ban taɓa yin gyaran da ya yi kyau kamar wannan ba, kuma ban iya ɗaga kai in dubi gonar ba, domin duk inda ruwan ya bi cikin fangali yana tafe da busasshen fure, rawaya-rawaya, yana tara shi a lungu.

Baba ya zo ya tsaya kusa da ni. Bai ce mini komai game da tumatirin ba. Ya yi mini sannu da aiki, ya sa mini albarka. Sannan ya miƙa hannu ya sauko da buhun nan daga reshen mangwaro, ya bushe ƙamas, ya ce, "Injiniya, wannan in jefar, ko a ajiye?"

Na ce, "A ajiye, Baba. Kai ka fi ni gaskiya."

Fangalin da suka yi wa ban ruwa da garwa ya yi 'ya'ya. Sauran sun farfaɗo da ganye, sun sake ɗan fure, amma zafin Afrilu ya tarar da shi. Ba zan ce duk laifin nawa ne ba, wataƙila ko da an raba ruwan ranar Talata da an yi wata asarar, ƙasar wurin ba ta da riƙo. Na sha faɗa wa kaina haka. Ban cika yarda ba.

A kati na rubuta an gyara. A taron ƙarshen wata Manaja ya yabe ni a gaban kowa, ya ce ga wanda ya tada injin da babu kayansa a kasuwa. Aka tafa. Da rani ya zagayo na je fadamar, na tarar wani ne yake noma gonar ƙarshen. Aka ce Baba ya sayar da injin kafin damina don ya samu taki, ya bar wa wani gonar, ya koma noman damina kaɗai. Injin yana hannun maƙwabcinsa, har yau yana aiki, ni nake canza masa filogi.

Abubuwan da na koya na hannu ba su da wuyar faɗa. Ku gwada wuta inji yana da zafi. Kada ku bar gona kafin ya yi zafin. Kada ku bar injin manomi a buɗe in yana iya ko tari, kuma in za ku neman kayan tsohon inji ku tafi da tsohon a hannu. In kun ga buhu, ko tsumma, ko wata igiya da mai inji ya ɗaura, ku tambaye shi dalili kafin ku cire, domin ya fi ku daɗewa da injin.

Ɗayan kuwa har yanzu koyonsa nake yi. Ni mutum ne mai tsoron yanke magana, a makaranta an yaba mini da hakan, kuma a gaban inji yana da amfani. Amma mutanen da muke yi wa aiki ba kowane lokaci ne suke tambaya don su ji ra'ayinmu ba. Wani lokacin maganarmu suke jira kafin su motsa, kuma kunyarmu da suke ji ba za ta bar su su faɗa mana haka ba. Yanzu in an tambaye ni ko inji yana da rai, nakan dubi gonar tukuna. In ba zai zuba ruwa yau ba, nakan ce ya mutu, a gaban sarki, da ƙarfi. In na tada shi gobe a yi mini dariya, na ɗauka. An taɓa yi mini dariyar, an kuma taɓa yi mini tafi, na san wanda ya fi ciwo.